Turakun Tumatirin Mista Odell

Da hantsin ranar Alhamis, 13 ga Nuwamba, aka buga mini waya cewa Mista Odell Fairley, daraktan wasanni na Jami'ar Cane Creek a nan Mississippi, ya yanke jiki ya faɗi a bakin ofishinsa, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Ni ce Corliss, matar Koci Renard Tubbs, wanda kai, Mista Odell, ka ɗauko ya horar da 'yan ƙwallon jami'a. Ina wannan rubutu ban san ko ranar Litinin mijina zai kwana da aikinsa ba.

Ka fi ni sanin halin garin nan. Asabar ɗin da aka ci wasa, ko aski mijina ya je ba a karɓar kuɗinsa. Wadda aka sha kashi kuwa, kafin gari ya waye magoya baya sun kakkafa allunan "GIDAN SAYARWA" a ƙofar gidan koci, wato ka tattara naka ya naka. Haka iyayensu suka yi wa kocin zamaninsu. Lahadin farko da aka yi mana, na ɗaga labule na hango dattijo cikin kwat ɗin zuwa coci yana tumɓuke su yana jefawa bayan tsohuwar a-kori-kura. Na fito, ashe kai ne, ka ce, "Koma ciki, 'yata, kada ƙaramar ta tashi. Katako ne mai kyau, tumatirina na neman turaku." Tun daga nan ba ka taɓa fashi ba, kuma 'yarmu Josie ta shiga firamare ba ta taɓa ganin allo ko ɗaya ba.

Bana abin ya yi tsanani. Renard ya dakatar da yaron da ke jefa mana ƙwallo saboda ya daina shiga aji, aka yi ta lallasa mu a jere. Dub Satterfield, mai gidajen kaji, wanda ya yi alkawarin gina wa ƙungiya sabon ɗakin atisaye, ya rantse ba zai aza bulo ba sai an kori mijina. Shugaban jami'a kuma, wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Sai ga shi a rediyo yana cewa koci na da cikakken goyon bayansa. A nan kowa ya san idan shugaba ya faɗi haka, matar koci ta fara neman kwalayen zuba kaya. Na nema, na ɓoye su a gareji don kada Renard ya gani.

Ina tsaye a wurin gashin nama kafin wasan Asabar ɗin makon jiya, Dub ya tare ka a gaban jama'a ya ce, "Odell, ni kazar da ta daina ƙwai na san inda nake kai ta." Shugaba ya sunkuyar da kai yana duban farantinsa. Ka goge hannu a nitse ka ce, "Shi ya sa aka bar ka da kaji, Dub, ba a ba ka 'ya'yan mutane ba." Daga baya ka shaida wa shugaba cewa a taron hukumar gudanarwa na ranar Litinin, duk mai son korar Renard sai ya fara da kai. Kowa ya san ba su da ƙarfin halin korar mutumin da ya binne iyayen rabinsu. Ina jin haushinsu, Mista Odell, kuma ba zan ɓoye ba, domin na ga yadda ka rame a wannan kaka.

Da muka je gaisuwa, Dub na cikin falo da ƙaton tire na soyayyar kaza yana share hawaye. Wataƙila na gaskiya ne, tare kuka tashi. Ni dai na zame na fita ta bayan gidanka, na tarar da lambunka. Tumatir ya ƙare, turaku na nan tsaye layi-layi, wasu har da sauran jan fenti a jikinsu.

Jiya Asabar yaran suka buga da baƙin ƙyalle a hannu, aka sake cinye mu. Yau da safe ina ɗaura wa Josie ribon a gashi za mu coci, ta leƙa taga ta daɗe tana haɗa baƙaƙe, sannan ta ce, "Mama, sayar da gidanmu za a yi?" A lokacin ne na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Allah Ya ji ƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya ba ka hutun da garin nan ya hana ka. Ya ba matarka Mama Earline da 'ya'yanku da jikoki haƙurin rashi. Mu kuma Ya sa mu ji alheri gobe. Allunan na tumɓuke su da hannuna, suna nan jingine, zan kai su lambunka.