Gwaggon Hanci da Maƙalin Shanyarta

Ƙarfe bakwai na safe za ka same ta a ɗakin tiyata, tana goge idon siririn bututun nan mai kyamara da likita ke zurawa cikin hanci, tana tsoma shi a ruwan ɗumi don kada ya dushe ana tsakiyar aiki. Shekara ashirin da shida tana aikin jinya, ƙarshen watan nan za ta ajiye. Gwaggon Hanci ake ce mata, kuma da fara'a take amsawa.

A aljihunta ba a rasa maƙalin shanya. Wanda aka miƙe wa karkataccen guringuntsin da ya raba kafofin hanci, akan toshe masa hancin da auduga. Wasu kan farka su ji ba iska, su firgita, su fizge. Shi ya sa tun ana jibi aiki takan matse wa mutum hanci da maƙalin, ya koyi numfashi ta baki.

Akwai wani direban bas da toshewar hanci ta hana barcin kirki, har ya fara gyangyaɗi a kan sitiyari. Maigidansa ya ce ko ya yi magani, ko ya ajiye makulli. Sau biyu ana sa masa ranar tiyata yana cika wandonsa da iska.

"Gwaggo, ni fa tsorona in farka in ji an shaƙe ni."

"To zauna, ɗana, in shaƙe ka tun yanzu kana kallo."

Ta maƙala masa, ta ja shi da hira. Yana amsawa da murya kamar agwagwa, 'yan ɗakin suna ta dariya, har minti ashirin suka wuce.

"Ka mutu?"

"Tukuna dai."

Ranar aiki yana farfaɗowa hannunsa ya nufi hanci. Ta riƙe shi. "Baki, direba, baki." Ya buɗe ya ja iska, ya kwantar da hannun.

Yana nan yana tuƙinsa. Matarsa ce ma ke ƙorafi, wai tunda ya daina minshari sai ta taɓa shi ta tabbatar yana da rai.

Gwaggo, likita ake yi wa godiya, kuma ya cancanta. Amma ke ce mai cire tsoro kafin a taɓa hanci, kuma za mu yi kewarki ƙwarai. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku kuma masu tasowa, ta bar maƙalin a kan tebur. Wani ya ɗauka.