Kyandir Biyu na Kaka Rahila

Wata Juma'a ce ta farkon damina, shekarar da na shiga aji uku a firamare, na tafka ɓarnar da har yau in na tuna sai na ji kunnena na hagu yana raɗaɗi. An tashe mu daga makaranta da wuri, ni kuwa maimakon in wuce gidanmu a Tudun Wada sai na bi ta gidan da Mama ke aiki, don na san ranar ake gasa burodi mai kitso, kuma ba a rasa gutsure. Tsohon gini ne na dutse a bayan layin dogo a Jos, da bishiyar fiya a tsakar gida. Mai gidan tsohuwa ce Bayahudiya, sunanta Rahila, mu dai Kaka muke ce mata. Da rana ta kusa faɗuwa sai na ga ta fito cikin farar riga, ta yafa siririn mayafi, ta kunna kyandir biyu a kan tebur, ta rufe idanu da tafin hannu tana motsa baki. Da ta gama ta dogara sanda ta nufi kicin wurin Mama. Na dubi taga, gari da haskensa sarai. Na dubi kyandir, suna ta ci a banza. A gidanmu duk wanda ya bar fitila tana ci alhali ana ganin hanya, ranar jikinsa zai gaya masa. Sai na hau kujera na hure su duka biyun, na sauko ina jiran yabo.

Yabon da na samu shi ne Mama ta damƙi kunnena ta murɗe har na tsaya a kan yatsun ƙafa. Kaka kuwa ko ɗaga murya ba ta yi ba. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon hayaƙin da ke tashi, sannan ta zauna a hankali. Mama ta sake ni ta ruga ta ɗauko ashana, Kaka ta ɗaga mata hannu ta ce, "Bari, Rifkatu. Asabar ta riga ta shiga." A lokacin na fara sanin cewa da zarar ta kunna kyandir ɗin nan ranar hutunsu ta kama, ba a sake kunna wuta ba a kuma kashe ta sai gobe da taurari sun fito. Mama ta gaya mini a hanya cewa tun da aka kawo Kaka amarya daga Tarabulus ba a taɓa hure mata su ba sai da Allah ya kawo ni. Na yi kuka sosai, kuma shirun tsohuwar ya fi murɗar kunnen ciwo. Duk da haka sai da ta ƙunshe mini burodi a takarda kafin mu tafi.

Yahudawan da suka rage a Jos a lokacin ba su fi gida biyar ko shida ba. Wasu zuriyar 'yan kasuwa ne da suka zo zamanin da kuza ke tashe, wasu kuma injiniyoyi ne da aikin hanya ya kawo. Mijin Kaka fata da ƙirgi yake saye, ya rasu tun kafin a haife ni, kuma kabarinsa na wani ɗan fili mai katanga a gefen gari. Ɗansu guda ɗaya yana Turai da iyalinsa. Amma mutanen nan ba su bar ta ta zama marar kowa ba. Sun raba kwanakin mako a tsakaninsu, sun rubuta a takarda, sun manna a bayan ƙofar kicin. Litinin Madam Esta ce, wata doguwar mace mai tafiya kamar za ta kama ɓarawo, take zuwa da mota ta kai ta ganin likita. Laraba Baba Dauda ne, wani dattijo mai 'yar ƙaramar hula a tsakiyar kai, yake karanta mata wasiƙu su yi addu'a tare. Wata tana kawo kifi, wani yana duba rufi da famfo. Su ne kuma suka ɗauki Mama aikin wanka da girki da ba da magani, suka koya mata cewa kwanukan nama masu jan fenti ne, na madara masu shuɗi, kuma ko a wajen wanke-wanke ba sa gaisawa. Mama da ke Zumuntar Mata a cocinmu ta riƙe dokokin nan fiye da wasu masu addinin. Takan ce, "Wanda ya ba ka amanar tsohonsa, har da addinin tsohon ya ba ka."

Abin da Kaka take so a duniya ɗaya ne, kowa kuma ya sani: ta ƙarasa kwananta a gidan nan, a binne ta kusa da mijinta. Ɗanta kuwa kowace wasiƙa magana ɗaya ce, ya samo mata wuri a gidan kula da tsofaffi na mutanensu a can, inda akwai nas dare da rana da abincin da addininsu ya yarda da shi. Ga shi hannunta ya fara rawa. Ba da jimawa ba bayan ɓarnata ashana ta suɓuce mata ta ƙona mayafin tebur. Madam Esta ta kawo wasu ƙananan ƙwayaye biyu na lantarki masu siffar kyandir, Kaka ta juya su ta duba ta ce a kai wa yara su yi wasa. A ƙarshe mutanen suka zauna suka yanke shawara: za ta zauna a gidanta, amma da sharaɗin kada a bar ta ita kaɗai da wuta, kuma in aka sake samun gobara, to, magana ta ƙare, sai ta tafi wurin ɗanta. Matsalar ita ce Mama tana tashi da magariba don ta je ta dafa mana tuwo, matar da ke kwana da Kaka kuma ba ta isowa sai bayan ƙarfe takwas. Kaka da kanta ta nuna ni da sanda ta ce, "A ba ni wannan. Ta riga ta ƙware wajen kashe wuta."

Haka Juma'ata ta sauya. A da, in an tashi makaranta sai in jefar da jaka mu bazama da Ladi da Hanatu, 'ya'yan maƙwabta, mu yi carafke a gindin mangwaro har gwiwoyinmu su yi fari, mu yi gaɗa, ko mu bi Baba lambunsa na bakin kududdufin kuza mu yi ban ruwan kabeji da karas muna satar tumatir. Yanzu kuwa sai in gaggauta ɗebo ruwa a famfo, in share tsakar gida, in yi wanka in shafa mai, sannan in kama hanyar layin dogo, su Ladi suna bina da tsiya wai na zama maigadin kyandir. Mama ta samo wani faffaɗan tire ta zuba yashi, a ciki ake kafa kyandir ɗin. Kaka ta kunna, ta rufe ido, ni kuma in zuba wa wutar ido kamar mai gadin nono a kan murhu. Bayan nan sai hira. Hausarta da gargada take, ga Larabci a cakuɗe. Ta ba ni labarin teku, wanda ban yarda akwai shi ba, da yadda ta yi kuka ranar da aka fara ba ta tuwon acca, da yadda mijinta yake dawowa yana warin fata ta hana shi shiga ɗaki. Ni kuma ina koya mata carafke a kan tebur, hannunta na rawa, duwatsun na watsewa, muna dariya. In kyandir suka mutu da kansu, na ji ƙararrawar keken Baba a waje, sai ta dafa kaina ta yi wata addu'a da yarensu ta ce, "Yalla, binti, gida." Ban san lokacin da na fara ƙaunar tsohuwar nan ba, na dai san na daina jin haushin tsiyar su Ladi.

Sama da shekara muka yi a haka lafiya lau. Sai wata Juma'a cikin watan Agusta, hadari ya haɗu, iska ta bankaɗe taga. Kaka ta sunkuya za ta rufe burodi, gefen mayafinta ya lashi wuta. Kafin in ƙifta ido ta kama har kafaɗa. Na fizge mayafin na jefar ƙasa, na juye masa butar wanke hannu, na bi shi da tattaka ina ihu. Wuta ta mutu, amma bayan hannun Kaka ya tashi. Muka zauna muna kallon juna, don mun san abin da wannan yake nufi.

Ranar Lahadi bayan an tashi coci Madam Esta da Baba Dauda suka zo, Mama ta tafi da ni. Ga bandeji a hannun Kaka, ga ƙonannen mayafi a kan kujera. Madam Esta ta dube ni ta ce, "Laraba, ke kika ga abin da ya faru. Gaya mini." Na kwana biyu ina shirya amsata. Na ce ni ce, carafke nake yi a kan tebur, dutse ya bugi kyandir ya faɗo kan Kaka, a hukunta ni. Mama ta yi mini wani kallo, don ta san ba na iya ƙarya ba tare da na murza gefen rigata ba, ga shi kuwa ina ta murzawa. Amma ba ta tona ni ba. Madam Esta ma na ga alamar tana so ta yarda. Sai Kaka ta yi wata 'yar dariya, hawaye na bin kumatunta, ta ce, "Esta, kada ki saurare ta. Ni ce na sunkuya. Ina son gidana, Allah ya sani, amma ba zan zauna a cikinsa a kan ƙaryar yarinya ba." Baba Dauda ya sunkuyar da kai, ya daɗe bai ɗago ba.

Na yi fushi da ita, fushi na gaske. A ganina na miƙa mata abin da take so ta watsa mini ƙasa a ido. Juma'a biyu na ƙi zuwa, na koma gindin mangwaro ina carafken da ba ya mini daɗi, Mama ce take zama da ita mu kuma mu ci tuwo a makare. Ban san Juma'a biyar kacal suka rage mata a Jos ba, kuma wannan asarar har yau tana ci mini rai. Da na koma ba ta tambaye ni dalili ba, ta dai matsa mini kujera. Ranar tafiya mutanensu duka suka zo, aka fara kai ta kabarin mijinta ta ɗora ƙaramin dutse a kai kamar yadda suke yi, sannan motar Madam Esta ta ɗauke ta zuwa filin jirgin Kano. Mun samu wasiƙa sau biyu, da hotonta a cikin wani lambu mai kyau, ta yi ƙiba, an gyara mata gashi. Sun kula da ita, ba zan yi musu ƙarya ba. Bayan shekara biyu Baba Dauda ya zo har Tudun Wada ya gaya wa Mama ta rasu, a can kuma aka binne ta.

Yau ni nas ce a Doha, aikina kula da tsofaffi a gidajensu. Kowace safiya bas na sauke mu a Al Thumama, jirage na wucewa ƙasa-ƙasa za su sauka a filin jirgin Hamad, in shiga manyan gidaje masu sanyin na'ura in auna jini, in juya mai ciwon baya, in lallaɓa wata tsohuwa da ke ture mini hannu tana "khalas, khalas", wato ya isa, in ta ga magani. Muna da gado mai tashi da kansa, da ƙararrawar da ke kira in mutum ya faɗi, abubuwan da Mama ba ta taɓa mafarkinsu ba. Sau da yawa 'ya'yan gida kan tare ni a bakin ƙofa su ce, "Sista, za ta iya ci gaba da zama a gida, ko mu kai ta asibiti?" In buɗe fayil in ba su amsa cikin minti biyu, murya ko rawa ba ta yi.

Makon jiya Yaya Bitrus, babban wanmu, ya kira ni daga Abuja. Mama ta faɗi a bakin famfo karo na biyu, ita kaɗai a gidan Tudun Wada, sai da maƙwabta suka ji kiranta. Yana so ya ɗauko ta ta koma wurinsa, ita kuma ta ce ba inda za ta ta bar ɗakinta da cocinta da kabarin Baba. Ya ce, "Ke ce nas, Laraba. Abin da kika ce shi za a yi." Da na kira Mama ta gaya mini komai da bakinta, har da faɗuwa ta uku da ba wanda ya sani, ta ce, "Ki gaya musu yadda yake, kada ki rage." Ina 'yar shekara tara ina da ƙafar zuwa in zauna kusa da tsohuwar wasu kowane mako, yanzu kuwa tawa tsohuwar sai dai in ji numfashinta ta waya, ina kewarta. Na san amsar da ke daidai, na kuma san abin da za ta raba ta da shi. Kwana shida ke nan ban kira Yaya ba. Duk abin da na koya a aikin nan, ban koyi yadda ake ce wa uwa ta bar gidanta ba.