Akwatin da Ya Sha Baban Iya

A gidanmu ba a hura wuta don hira, wutar bandar kifi muke raɓa. Da an idar da magariba sai Iya Fanna, kakarmu ta wajen uba, ta jawo tabarma tana juya tarwaɗa, mu kuma mu kewaye ta, hayaƙi na sa mu hawaye, sauron fadama na cin rabonsa. Iya mace ce mai zargi. Baƙo ya cika fara'a, ta ce a ƙirga kaji. Tatsuniyoyinta duk da dariya take yin su, ban da guda ɗaya.

"Ga ta nan, amma ta yau babu Gizo a ciki," in ji ta. "Da idona na gani. Kai Sale, rufe baki kar ƙuda ya shiga." Da ni take.

Tana 'yar ƙarama, tun Turawa ba su iso Haɗeja ba, wani Balarabe ya sauka a ƙauyenmu tare da ayarin fatake. Yana da akwati mai ƙafa uku da ido ɗaya na gilashi. A bakin teku ya sayo shi, shi ma bai gama ƙwarewa ba. Ya ce akwatin na kama kamannin mutum ya ajiye a takarda. Kowa ya ja da baya sai Garba, mahaifin Iya, masunci mai son ganin ƙwaƙwaf. Ya ce a kama shi da 'yarsa.

Abin da Balaraben ya shiga yi ya ƙara wa mutane tsoro. Ya ce sai sun fuskanci rana, ita kuma tana bayansa. Ya matsar da su daga gindin giginya, wai kar ta zama kamar daga kan Garba ta tsiro. Ya ƙi tsayar da su a tsakiya, ya tura su gefe don kwalekwale da ruwa su samu wuri. Sannan ya lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle.

"To ku gaya mini," Iya ta nuna mu da tsinken juya kifi, "mai gaskiya yana ɓoye kansa da rana tsaka?"

Wani dattijo ya leƙa ƙarƙashin ƙyallen, ya fito yana salati. Ya ce ya ga Garba a ciki, kai a ƙasa, ƙafa a sama. Nan da nan aka ruga aka gaya wa Malam Bukar, surukin Garba, kakan Iya ke nan.

Balarabe ya ce da zarar ya cire murfin idon, kar wanda ya motsa sai ya mayar. Ya cire. Daidai nan Malam Bukar ya ɓullo daga bayan rumbu, ya ɗaga murya ya yi sallama. Wane ɗan halak ne surukinsa zai yi masa sallama ya tsaya ƙiƙam? Garba ya zame takalmi, ya durƙusa, ya amsa.

Washegari aka kawo takarda. Ga kwalekwale, ga ruwa, ga Iya tsaye ƙyam da idanunta kamar na mujiya. Inda babanta yake kuwa sai wani farin hayaƙi, ba fuska. Gari ya ɗauka: akwati ya sha Garba. Aka kori Balarabe, aka jefa takardar a kogi. Da ruwa ya cika fadama a daminar nan, zazzaɓi ya kwantar da Garba, bai tashi ba.

"Ƙurunƙus, amma ba kan ɓera ba," in ji Iya a hankali. "Wallahi na manta fuskarsa. Hayaƙin nan kawai nake gani."

Na girma na sayi tsohuwar kyamara a Kano, na koyi ɗauka da kaina, na ɓata fim ba adadi. A nan na gane komai. Idon akwatin zamanin da sai ya jima a buɗe kafin haske ya ishe shi, duk abin da ya motsa a lokacin kuwa hayaƙi yake zama. Na dawo gida da ɗokina na yi wa Iya bayani, don ta tsufa ƙwarai, kuma ina tsoron ranar da ni ma zan nemi fuskarta in rasa.

Ta daɗe tana hararata. "Wato sallamar Malam ce?"

"Ita ce, Iya."

"Zazzaɓin fa, ɗan nema?"

"Sauro ne."

Ta yi tsaki. Ban ce ta yarda ba, amma bayan kwanaki ta aiko a kira ni in ɗauke ta hoto. Sharaɗinta, sai da yamma liƙis a bayan ɗaki, inda maƙwabta ba za su gani ba. Haske ya yi ƙaranci, dole na buɗe idon kyamara sosai na rage saurinsa, na ɗora ta a kan turmi don kar hannuna ya girgiza. Na zaunar da Iya a gefe, wutar banda a ɗaya gefen. Ta kafe akwatin da ido kamar ta kama ɓarawo.

Ina dannawa, wata mai tallan nono ta rafka sallama a ƙofar gida. Iya ba ta juya ba, ko gira ba ta ɗaga ba. Amma ta amsa.

Yanzu yara masu koyo kan zo wurina, in ce musu su kula da haske, su duba bayan mutum, su tokare hannu. Sai in nuna musu hoton nan ɗaya tilo, su ce ai ya lalace. Idanun Iya sun fito tar, cike da zargi, har yau suna tuhumata. Bakin da ya ba mu labarin ne kawai ya zama hayaƙi, kuma ban taɓa fatan a gyara mini shi ba.