Ɗakin da Yaya Isiyaku Ya Ba Kofi

Da damunar bana Yaya Isiyaku ya cika shekara arba'in a kabari. Ni ƙanwarsa Ladi, wadda ya goya a kafaɗa, yau na girme shi nesa ba kusa ba, abin har dariya yake ba ni. In ruwa ya sauko a Aboabo, unguwarmu ta Kumasi, na zauna a bakin ƙofa, ƙarar kwanon rufi takan ɗauke ni. Sai in ga simintin tsakar gida ya koma jar ƙasa, ga kwandunan goro jere a rumfa, ga shi durƙushe yana yayyafa wa ganye ruwa yana magana shi kaɗai. Wani lokacin har ƙamshin ganyen nake ji. Jikokina su ce Hajiya ta fara gyangyaɗi. Ba gyangyaɗi nake ba, ziyara nake zuwa.

Daga Katsina fataucin goro ya kawo shi Kumasi, ya ga wuri ya zauna, ya aika aka kawo ni bayan aurena na fari ya mutu. Filin da ya gina gidan nan na wani dattijon Asante ne, Opanin Kwaku, wanda gidansa ke bayan namu. Ba takarda, ba sa hannu. A al'adarsu in an ba ka fili, kwalbar giya kake kaiwa ta godiya. Yaya ya ce shi dai a yi masa afuwa, ya kai rago da ƙwaryar goro. Opanin ya yi dariya ya karɓa, ya ce masa ya zauna muddin shi Opanin yana raye, bayan ransa kuma ya gana da magajinsa. Iyakar yarjejeniyar ke nan.

To a nan Yaya ya tafka kuskure. An sha gaya masa cewa a ƙasar Asante ɗa ba ya gadon ubansa, ɗan 'yar'uwa ne ke gadon kawunsa. Yaya kuwa, Allah ya jiƙan shi, kunnen ƙashi ne da shi. "Ku raba ni da zancen kasuwa," in ji shi. "Mutum ya haifi ɗa, ya sha wahalarsa, sannan wani ya zo ya kwashe? A wace duniya?" Sai ya rungumi Kofi, babban ɗan Opanin, kafinta, wanda shi ya buga mana rufi. In an yi layya cinyar farko ta Kofi ce. Yaw kuwa, ɗan ƙanwar Opanin, direban lori, ko gaisuwar kirki bai cika samu daga wurinsa ba.

Opanin ya rasu 'yan shekaru kafin ƙasar nan ta karɓi sunan Ghana. Har yanzu in na rufe ido ina ganin ranar makokin kamar ta bayan labule: jan zane da baƙi ko'ina, ganguna na tashi, dangi zaune a jere ana bi ana ba su hannu. Ina can baya cikin mata. Sai ga Yaya ya shigo da babbar rigarsa, ya ba Yaw hannu a tsaitsaye, alhali shi ne zaune a tsakiya dattawa sun kewaye shi, ya wuce can gefe inda Kofi yake. Ya durƙusa, ya ɗaga murya da guntun yarensu da ya iya, ya yi ta'aziyya, ya roƙi Kofi ya riƙe alkawarin ubansa a kan filin. Wayyo, da ƙasa za ta tsage da na shige. Kofi ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ba ni ba ne."

Bayan an watse Yaw ya aiko manzo: tunda baƙo bai san mai gida ba, ya cire kwanonsa ya bar fili kafin damuna ta fita.

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Ga matar Yaya, ga yara, ga ni bazawara ba inda zan nufa. Da asuba in ina dama kokon da nake sayarwa sai in tsaya ina kallon bango, ina tunanin yadda ruwa zai cinye shi in an yaye rufin. Yaya ya kai kuka wurin manyan Zango, shugabannin Hausawan garin, suka ce sai haƙuri da lallashi, ƙasa ta masu ita ce, kuma shi ya fara taka su.

Muna cikin wannan sai wata safiya muka leƙa muka ga Kofi a gindin mangwaron da ke tsakanin gidajen biyu, zaune a kan akwatin kayan aikinsa. Matarsa Akosua, da tsohon ciki, tana tsaye da kwano a ka. Yaw ya kwaso danginsa ya cika gidan, an ce ana bukatar ɗakin Kofi. Yaya ya daɗe yana kallonsu. Na ji ya ce a hankali, "Ikon Allah. Ni ina kukan gidan da na gina, ga wanda aka haifa a nasa an fitar da shi." Ya shiga ya ɗauko mabuɗin sabon ɗakin da ke kusa da zaure.

Ɗakin nan kuwa Garba, babban ɗan Yaya, shi ya shafe shi da hannunsa don amaryar da zai kawo. Ya tare ubansa ido jawur.

"Baba, gidan da za a rushe za ka ƙara wa mutane? Kuma ɗakina?"

"In an zo rushewa, a same mu duka a ciki," in ji Yaya. Ya wuce shi ya miƙa wa Kofi mabuɗi, ya ce, "Shiga, naka ne."

Labari ya kai kunnen uwar Yaw, Maame Adwoa, ƙanwar marigayin. Tsohuwa ce ƙarama mai sanda, amma a danginsu in ta yi magana ta zauna. Ta zo da kanta, ta leƙa ɗakin, ta ga ɗan yayanta a kan tabarmar baƙo. Daga bayan katanga muka jiyo ta tana tambayar ɗanta, ya fitar da Kofi daga rufi ɗaya, yanzu na biyun ma zai yaye masa? Ba a yi mako ba Yaw ya aiko a zo. Yaya ya sake kai rago, wannan karon ya durƙusa a inda ya kamata, aka sabunta magana a gaban shaidu.

Na taɓa tsokanarsa, na ce Yaya, gaya mini tsakaninka da Allah, tausayi ne ko dabara? Ya yi dariya har yana tari. "Ladi, ni da na kasa gane magaji a tsakiyar taro, ina na ga wannan wayon?"

Yau da zai leƙo Aboabo, ban san me zai ce ba. Maƙwabci da maƙwabci na kotu a kan taku biyu na lungu. Kowa da lauyansa, kowa da mai awonsa, katanga ta yi tsawo har an kafa mata fasassun kwalabe. An ce doka ma ta sauya, yanzu ɗa yana samun rabo a dukiyar ubansa. Wannan kam na san zai buga cinya ya ce ai dama ya faɗa, ya manta da kunyar da ya ba mu.

Yaya bai daɗe ba bayan sabunta maganar filin, shekara shida ko bakwai, zazzaɓi ya ɗauke shi. Bayan sadakar arba'in malamai suka zo rabon gado. Kofi ba jininmu ba ne, ba addininmu ɗaya ba, ba shi da ko allura a cikin rabon, kuma ba wata shaida a rubuce cewa an ba shi ɗaki. Gidan yanzu a hannun Garba yake, Garban da shi da matarsa suka ƙare a ɗan ƙuntataccen ɗakin bayan madafa, wanda tun ranar nan gaisuwa ce kawai tsakaninsa da Kofi.

Da malamai suka fara zagaya ɗakuna, sai muka tarar Kofi ya riga ya fito da kayansa. Akwatin aiki a ƙofa, tabarma a naɗe, yara uku a tsaye sun yi wanka, Akosua da kwano a ka. Ba wanda ya ce masa ya fita. Shi dai ya san abin da ke biyo bayan makoki. Nan hawaye ya zubo mini.

Babban malamin ya tsaya a ƙofar ɗakin ya dubi Garba. Garba ya dubi kayan.

"Malam, tsallake wannan," ya ce. "Ba ya cikin abin da Baba ya bari. Ya bayar tun yana da rai, a gabana aka yi."

Ya sunkuya ya ɗauki akwatin, mai nauyin tsiya, ya mai da shi ciki da kansa.

Goron Yaya ya ƙare, rigunansa sun tsufa a jikin wasu, masu tuna muryarsa ba mu fi a ƙirga da yatsu ba. Abin da ya rage nasa shi ne wannan: ya haifi ɗan da ya faɗi gaskiya ranar da shirunsa kaɗai ya isa ya ba shi ɗaki. Allah ya jiƙan Yaya Isiyaku, ya sa ya huta. Kofi a ɗakin nan ya tsufa, daga cikinsa kuma aka ɗauki gawarsa.