Ɗan Rakiyar da Aka Ba Masu Bincike

Shekarun baya, ƙanena ya faɗa shan tiramol. Direban kamiyo ne, wato babbar motar kaya, yana ɗaukar wake da gero daga Madarunfa zuwa kasuwannin bakin iyaka, kuma ya fara sha ne don kada barci ya kwashe shi a hanya. Da ƙyar muka shawo kansa ya riƙa zuwa asibiti a Maradi a ɓoye. Daga ni sai mahaifiyarmu muka sani. Sauƙi ya fara samuwa, har kumatu ya yi.

Sai aka ce wasu masu bincike na son zantawa da masu karɓar magani a gidajensu, don a inganta jinyar. Sun yi alkawarin ba wanda zai ji. Ni da nake ganin na waye, har lacca na yi masa a kan amfanin bincike, ya amince.

Da suka zo, sai suka fara gaida mai unguwa kamar yadda aka saba. Shi kuma ba ya barin baƙo ya tafi ba rakiya. Wanda ke zaune kusa da shi ya miƙe, ashe Alhajin da ƙanena ke tuƙa wa mota ne. A hanya ya tambaye su aikinsu, suka yi masa bayani tiryan-tiryan, sannan suka faɗi sunan wanda suke nema.

Muna zaure suka yi sallama. Alhaji ya dubi ƙanena ya ce, "Ashe kai ne ɗan ƙwayar? Miƙo makulli."

"Alhaji, na daina fa. Magani nake sha."

"Ka ƙarasa sha a gida, ba a kamiyona ba."

Na juya ga shugabarsu na ce, "Malama, ina sirrin da kuka yi alkawari?"

Ta ce, "Ai ba za mu rubuta sunansa ba."

Rubutawa! Kafin la'asar kowace majalisa a unguwar ta haddace shi.

Bai sake taka asibitin ba. Ya ce wa mahaifiyarmu, "Inna, da nake sha ba wanda ya kore ni, sai da na daina." Ya tsallaka Najeriya ci-rani, ya koma wa ƙwayar, muka sha wahala kafin ya dawo hayyacinsa.

Yau lafiyarsa lau, yana noma a Gabi, amma ba wanda ya ƙara ba shi mota. Ina goyon bayan bincike har gobe, sai dai duk na tuna raina yakan ɓaci. Mutanen nan sun zo ne su gano abin da ke sa masu jinya guje wa magani. Suka ƙara mutum guda cikin masu gudun, suka shiga motarsu suka koma, ko haƙuri ba su bayar ba.