Rigar Aro daga Yammedi

Maigidana tela ne. Yana da keke a wata rumfa a bakin kasuwar Rogo, kuma da keken nan muke ci. Amma mutanen garin ba da wannan ɗinkin suke tuna shi ba. Shi ne mai yi wa 'yan wasan kwaikwayo kaya.

Suna da ƙungiya, shi da wasu malaman firamare da 'yan kasuwa. Duk shekara in an gama kaka sai su yi wasa a filin makaranta, wasan mutanen da: fatake da jakunansu, masu rini, dakarun da ke tsaron ganuwa lokacin da ake kai wa garuruwa hari. Shi kullum a dakare yake fitowa. Ba a ba shi magana da yawa, tsayuwa yake yi da garkuwa, kuma hakan bai dame shi ba. Kayan ne suka dame shi. Bai yarda a sa musu zif ko maɓallin roba ba, bai yarda keke ya taɓa su ba. Da hannu yake ɗinkawa, da zaren da ni nake kaɗa masa. Kwalkwali da ƙwarya yake yin sa ya lulluɓe da fata. Abokansa sukan ce, "Haba malam, daga inda jama'a suke zaune wa zai hango zif?" Sai ya ce shi da ya ɗinka ai ya gani.

Yana da wata hanya ta koyo wadda ban taɓa so ba. In ya ji labarin gidan da ke da tsohuwar tufa ta kakanni, sai ya je ya aro. In ya kawo ta sai ya sa reza ya warware ta duka, ya shimfiɗa ƙyallayen a tabarma, ya ga yadda mutanen da suka yanka, ya kwafa a kan sabon saƙi. Bayan nan ya mayar da ita yadda take, yana bin ramukan allurar farko. Masu kayan ba sa sani. Na taɓa ce masa, "Aro ka ce musu, ba ka ce fiɗa ba." Ya yi dariya ya ce wa ya taɓa dawo masa da ƙorafi. Gaskiya ne, babu wanda ya taɓa.

Ta ƙarshe da ya aro rigar yaƙi ce, a shekarun da ake aikin dam a Karaye. Ta wani tsoho ce a Yammedi, wanda ya gaje ta daga kakansa. Riga ce mai kauri, rinin baba, an cusa mata audugar rimi tsakanin ciki da waje an bi da ɗinki, da layu a ƙirji da kafaɗu. Tsohon ya daɗe yana hana shi. Sai da maigidana ya yi ta zirga-zirga da goro sannan tsohon ya ba shi, da sharaɗin kada a buɗe layun. Bai buɗe su ba. Ya cire su ya sa a ƙoƙo. Sauran rigar kuwa ya warware ta kamar kowace.

Ya gama kwafin da damina. Ya ce in ya huta zai mayar da ta asalin. Sai zazzaɓi ya kama shi, aka kai shi asibiti a Karaye, bai dawo da ƙafarsa ba.

Da aka dawo daga maƙabarta ƙaninsa ya shigo ya durƙusa a ƙofar ɗakina. Ya ce liman ya yi cigiya kafin a yi salla, duk mai bin mamaci wani abu ya faɗa, kuma babu wanda ya ce uffan. Ya ce, "Yaya, kin ga ya tafi ba nauyin kowa a kansa." Na ce alhamdu lillahi. Rigar tana ƙarƙashin gadon da nake zaune a kai, a ɗaure cikin zane, gunduwa-gunduwa.

Tsohon nan mai rigar ya zo gaisuwa ranar sadakar uku. Ban gan shi ba, a waje ya zauna da maza. Da zai tafi ya ce a faɗa mini kada in damu kaina da 'yar ajiyarsa, in an natsu a aiko masa. Bai san halin da take ciki ba.

Na kira ƙanin na kwance zanen a gabansa. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan ita ce rigar?"

"Ita ce."

"Inna lillahi. Shi Yaya me ya kai shi?" Ya ɗaga wani ƙyalle, auduga ta zubo. "To ai ga sabuwar can a rataye, ta ma fi kyau. A turara ta da hayaƙi, a liƙa mata layun, tsoho ne, ido ya tafi."

Na ce wanda ke kwance a kabari shi za a tambaya, kuma masu tambayar idonsu bai tafi ba.

Ya ce to a kai wa wani tela a kasuwa, rabin yini ya haɗa ta. Na ja bakin wani ƙyalle da yatsa biyu a hankali, ya ga yadda zaren ke rabuwa. Keke zai cinye ta. Ya ce, "Ke kika sani, Yaya," ya tashi.

Ni ba tela ba ce. Na iya kaɗi, na iya ƙaramin ɗinki na mata, faci da kalmasa. Amma ina cikin takaba, ba inda za ni, kuma yini yana da tsawo. Da safe in na gama abin da zan yi sai in shimfiɗa tabarma a inuwar ɗaki in baje ƙyallayen. Sabuwar rigar na rataye a gabana ina dubawa, sai dai ita a haɗe take, ba ta nuna abin da ke cikinta, kuma ban yarda in warware ɗinkinsa na ƙarshe ba.

Abin da ya taimake ni rinin ne. Duk inda rana ta taɓa ya koɗe, inda ɗinki ya rufe kuwa yana nan da duhunsa. In na ga baki mai duhu na san ciki yake shiga. Gurbin kowace laya ma haka ya fito, wani tabo mai duhu daidai girmanta. Na riƙa neman ramukan allurar kamar yadda na ga maigidana yana yi. Wasu na samu, wasu sun yage sun haɗe da juna. Sau da yawa nakan haɗa gefe guda in ga baya ya fi gaba tsawo, in kwance in sake. Audugar ta dunƙule, sai da na bubbuge ta na ƙara da sabuwa daga rimin bayan gari, wadda maƙwabciyata ta tsinto mini.

Mata masu zuwa gaisuwa sukan tarar da ni a kai. Wata gwaggon maigidana ta ce mai takaba carbi ya kamata a gani a hannunta, ba tsumman yaƙi ba. Na ci gaba da ɗinkina. Wasu kuma sukan zauna su zura mini zare a allura.

Ban yi kuka a kan rigar ba. Wani lokaci nakan tarar da alamar da ya yi da alli a bayan ƙyalle, 'yar gicciye ko ɗigo biyu. Shi ya san ma'anarsu. Nakan tsaya in duba, in ci gaba.

Kafin in fita takaba rigar ta haɗu. Ta tsaya, tana da wuya da hannuwa, layun suna wurarensu. Amma ƙyalle ɗaya ya ragu, ɗan ƙarami mai kusurwa uku, bai kai tafin hannuna ba. Na juya rigar ciki da waje ban ga inda ya fito ba. Na san in na sake kwancewa wasu wuraren ba za su ƙara ɗaukar allura ba.

Bayan na yi wankan fita, ƙanin ya raka ni Yammedi ranar da mota ke bi ta can. Muka tarar da tsohon a zaure a kan buzu. Aka gaisa, ya yi mana gaisuwar rashi, ya yi addu'a mai tsawo. Da yake sa'an kakana ne sai ya fara tsokanata, ya ce tunda na fita takaba ga shi nan bai da ta huɗu. Na ce sai ya fara yin haƙora.

Na ajiye ƙunshin a gabansa. Ƙanin ya kalle ni, na san yana so in yi shiru mu tashi. Na ce, "Baba, kafin ka buɗe. Rigar nan an warware ta. Maigidana ne ya warware don ya ga yankanta, da niyyar ya mayar, Allah bai ba shi iko ba. Ni na haɗa. Ga kuma abin da ya ragu." Na ɗora ɗan ƙyallen a kan buzun.

Tsohon ya jawo ƙunshin. Ya kwance zanen ya shafa rigar tun daga wuya har ƙasa. Ya taɓa layun ɗaya bayan ɗaya yana duba bakinsu. Na ce ba a buɗe su ba. Ya ce ya gani.

Sai ya miƙe da kyar ya ce wa ƙanin ya taimaka masa ya sa. Ta shiga. Ya ɗaga hannun hagu, ya tafi. Ya ɗaga na dama, ya tsaya a rabi, hammatar ta riƙe shi. Ya sake gwadawa, muka ji zare ya yi ƙara, ya sauke.

"To ga gidan ɗan ƙyallenki nan," in ji shi. "Da kakana ya sa wannan ya fita yaƙi, da ba a haifi ubana ba."

Ƙanin ya yi dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya daina.

Na ce in ya yarda in koma da ita in buɗe hammatar. Ya ce a'a, ta sha hannu haka nan.

Ya zauna da rigar a jikinsa. Ya ce, "Da mijinki ya tambaye ni izinin warwarewa da na hana shi. Ya san haka, shi ya sa bai tambaya ba." Na ce haka ne. Ya ce tun yana yaro ubansa bai taɓa barin a wanke ta ba, don kada ɗinkin da aka yi a gidansu ya saki. Yanzu babu zare ɗaya na gidansu a jikinta.

Sai na ce, "Baba, ni ba don a yaba ɗinkin na zo ba. Ranar jana'iza an yi cigiya ba ka yi magana ba, don ba ka sani ba. Yanzu ka sani. Ina so in ji daga bakinka, ga ɗan'uwansa shaida."

Ya ce wa ƙanin ya zo ya cire masa, zafi ya ishe shi. Cirewar ta fi sawar wuya saboda hannun. Sai da ya sunkuya ƙanin ya riƙa ja a hankali ta kai, ni ina cewa a bi ta hagu. Da ta fita ya zauna yana haki, hularsa a ƙasa. Ya ninke rigar da kansa, ya tura ɗan ƙyallen cikin wuyanta, ya ɗaure zanen.

Sannan ya ce, "Na yafe masa, duniya da lahira. Allah Ya sa ya huta."

Na ce amin. Ƙanin ya ce amin. Aka kawo mana fura daga cikin gida, na karɓa na sha, don tun safe ban sa komai a bakina ba.