Macijin Da Ke Jikin Motar Asibiti

Wata rana ina jinyar mahaifina a wani babban asibiti, na fito shan iska bayan la'asar.

A kan benci na tarar da wani dattijo, fari tas da furfura, ya ƙura wa motar ɗaukar marasa lafiya ido.

Na yi sallama. Ya amsa bai juyo ba.

Na san shi da gani. Matarsa, Hajiya Turai, tana kwance a ɗakin da ke kallon namu. Ma'aikatan jinya sun ce babban likita ne da ya yi ritaya, kuma duk suna shakkarsa.

Can ya nuna tambarin da ke jikin motar, sanda da maciji ya naɗe ta.

"Ɗana, ka san mene ne wannan?"

Na ce, "Baba, ina dai ganinsa a kantin magani."

Ya ce a ƙasar Girka ya yi karatun likita yana saurayi. Mutanen can, a zamanin jahiliyyarsu, suna da wani abin bauta da suke kira Askilifiyos. Shi suka ɗauka ubangijin magani, sandar nan kuma tasa ce. Macijin kuwa, saboda yana saɓa ya fito da sabuwar fata, sai suka mai da shi alamar warkewa.

A tatsuniyarsu, Askilifiyos ya gwanance har ya fara tayar da matattu. Sai babban abin bautarsu ya jefe shi da tsawa.

Ya ce an taɓa kai su kangon gidan bautar Askilifiyos, a cikin wani kwari mai itatuwa. Majinyata kan kwana a wani dogon zaure, macizai na yawo a tsakaninsu, suna jiran a nuna musu magani a mafarki.

"Amma ba macizan ne suka tsaya mini a rai ba."

Ya ci gaba da cewa:

"An ce mana doka ce, ba a mutuwa a cikin gidan. In suka ga mutum ya zo gargara, sai su ɗauke shi su fitar da shi bayan iyaka. Can zai cika."



Ya ce kwanan nan, da ya ɗan runtsa sai ya ga kansa a wannan zauren. Gadaje a jere, babu kowa a kai. Yana bi yana ɗaga mayafi yana neman matarsa. Yana jin tarinta daga waje, amma ya rasa ƙofa.

Daga nan ya shiga ba ni labarin jinyar, kamar yana karanta wa ɗalibai.

Ciwon ya ci jikinta. Likitocin da ke dubata, wasu ma ɗalibansa ne, sun gaya masa a fakaice cewa sai dai addu'a. Shi kuma kullum da sabon gwajin da zai sa a yi. Ya hana kowa kuka a ɗakin. Ya hana a yi mata maganar wasiyya. In ta fara cewa a yafe mata, sai ya katse ta ya ce a kawo abin awon jini.

Suna da ɗa guda, Mujittaba, yana aiki a ƙasar waje. Kullum sai ya bugo waya yana tambaya ko ya taho.

Na ce, "Me kuke gaya masa, Baba?"

"Ina ce masa tana samun sauƙi."

"Tana samu?"

Ya juyo ya kalle ni. Karo na farko ke nan.

Ni ban yi nufin komai ba, wallahi tambaya ce kawai ta fito.

Ya ce, "A'a."

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Sannan ya ciro waya daga aljihu, ya danna, ya kara a kunne.

"Mujittaba. Ka taho."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ya miƙe, na bi bayansa, tunda hanyarmu ɗaya.

Ƙofar ɗakinsu a buɗe take. Ban yi niyyar saurare ba, amma na ji.

Hajiya Turai ta buɗe ido da ƙyar, ta ce, "Likita, yau kuma wane gwaji ne?"

Ya ce, "Babu. Zama na zo yi."

Ta ce, "To matso. Na daɗe ban ga mijina ba."

Ya ja kujera. Ya riƙe hannunta. Ta fara magana a hankali, ya bar ta ta yi. Ta faɗi wanda za a ba keken ɗinkinta. Ta nemi gafararsa, ya nemi tata. Na ja musu ƙofa na koma wajen mahaifina.

Ba ta daɗe ba bayan haka. Da hantsi Allah Ya karɓi abarsa, yana gefenta yana laƙƙana mata kalmar shahada.

Washegari da azahar ina ba mahaifina kunu, sai na ji ƙarar tayar akwati a baranda.

Wani mutum ne dogo, da rigar sanyi a hannu, takardar jirgi na maƙale a jikin akwatinsa. Daga baya na ji cewa Mujittaba ne, wayarsa ta mutu a hanya, daga filin jirgi nan ya wuto kai tsaye.

Ya tsaya a ƙofar ɗakin da ke kallon namu.

An riga an canja zanin gado. Wata mata ce daban a kwance.

Ya duba lambar ƙofa. Ya sake leƙawa. Sannan ya juyo gare ni, da murmushin wanda yake zaton ɓatan hanya ya yi.

"Malam, don Allah, ina aka mayar da Hajiya Turai?"

Mahaifina ya warke, mun koma gida. Amma har yau in na tuna wannan murmushin, abinci fita yake daga raina.

Darasi:

Nemi magani iyakar ƙarfinka, wajibi ne. Amma rai ba a hannunka yake ba, komai iliminka.

Kada tsoronka ya hana mara lafiya faɗin abin da ke ransa.

Kuma kada ka ce wa na nesa "da sauƙi" alhali ka san babu. Bankwanan nasa ne, ba naka ba ne da za ka hana shi.

Allah Ya jiƙan Hajiya Turai da dukkan iyayenmu da suka rigaye mu.

In ka san wani da ke zaman jinya a yau, tura masa wannan. Wataƙila akwai wayar da ya kamata ya buga.